Tausa ga mai juna biyu: tana rage ciwon baya ne, ko tana da haɗari?

Mai Cikin Fari ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da kuma iyayenmu da yayyenmu da suka riga mu bin wannan hanya. Cikina na fari ne, kuma bisa lissafin da aka yi mini a wurin awo, yanzu yana da mako 26. Laulayin farko ya wuce, alhamdu lillahi, sai dai kimanin mako uku ke nan da wani ciwo ya zauna mini a ƙasan gadon baya da kwankwaso, yana kuma tsananta da yamma bayan na wuni a zaune a wurin aiki. Da dare idan zan juya daga wannan gefe zuwa wancan, sai na tallafi cikin da hannu na cije leɓe. Sau biyu ko uku a mako sha-raɓata takan ɗaure ina cikin barci har in farka da salati, ƙafafuna kuma sukan kumbura da yamma, amma kafin gari ya waye sun saɓe. Awon jinina na ƙarshe 110/70 ne.

Shekaranjiya maigidana ya mammatsa mini baya na ɗan lokaci, kuma rabon da in yi barci irin na wannan dare har na manta. Da na ba yayata labari sai hankalinta ya tashi, ta ce tausa tana zubar da ciki ko ta tayar da naƙuda kafin lokaci, musamman idan aka taɓa wajen idon sawu. Wata abokiyar aikina kuma ta ce ita kowane mako ake yi mata har ta haihu lafiya. Ina so in san gaskiyar lamarin: shin ya ci gaba da yi mini, kuma idan zai ci gaba, ina ne zai taɓa, ina ne zai bari?

Ungozoma ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raba lafiya. Na daɗe ina aiki tsakanin ɗakin awo da ɗakin haihuwa, kuma da wuya mako ya fita ban amsa irin wannan tambaya ba. Tausa mai sauƙi a baya da kafaɗu da kwankwaso ba ta da laifi ga macen da cikinta yake tafiya lafiya. Sai dai akwai irin kwanciyar da ba a yi, akwai wuraren da ba a dannawa, akwai kuma ciwon da ba tausa yake nema ba.

Ciwon da kike ji yana da dalili. Jikin mai ciki yana fitar da wasu sinadarai, cikinsu har da wanda ake kira rilaksin, waɗanda suke sassauta jijiyoyin da suka ɗaure gaɓoɓin ƙugu domin hanya ta samu ranar haihuwa. A daidai wannan lokaci ciki yana turowa gaba, nauyi yana ƙaruwa, domin mace mai matsakaicin jiki takan ƙara kilo 11 zuwa 16 kafin ta sauka, ita kuma takan ɗan banƙare ba tare da ta sani ba don kada nauyin ya rinjaye ta. Naman da ke gefe biyu na ƙashin baya shi yake ɗaukar wannan dako daga safe har dare, shi ya sa yake ɗaurewa, shi ya sa kuma hannu mai ɗumi yake sake shi. Fiye da rabin masu ciki suna fama da wannan ciwo, don haka ba ke kaɗai ba ce.

Abu na farko da za ku kiyaye shi ne yadda za ki kwanta. Daga mako na 20 zuwa sama ba a son mai ciki ta daɗe a rigingine, saboda babbar jijiyar da take mayar da jini daga ƙasan jiki zuwa zuciya ta bi ta gefen dama na ƙashin baya, kuma idan mahaifa ta yi nauyi sai ta danne ta. Jinin da yake komawa zuciya ya ragu, uwa ta ji jiri da gumi da tashin zuciya, abin da yake isa ga ɗan da ke ciki ma ya ragu. Kwanciyar rub da ciki kuwa ba ma a zancenta. Ki kwanta a gefe, na hagu ya fi, da matashi ɗaya a ƙarƙashin kai, ɗaya a tsakanin gwiwoyi, ƙarami kuma a ƙarƙashin cikin ya tallafe shi. Idan kwanciyar ta gundure ki, ki zauna a kujera kina fuskantar majinginarta, ki rungumi matashi, shi kuma ya tsaya a bayanki.

Inda na fi so ki buɗe kunne shi ne maganar ƙafa, domin a nan haɗarin gaske yake, ba a inda yayarki ta nuna ba. Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabin yadda yake a da, kuma yana saurin daskarewa fiye da na sauran mata, wanda kariya ce daga zubar jini mai yawa a wajen haihuwa. Amma wannan kariyar tana da nata nauyi: yiwuwar gudan jini ya taru a jijiyar da ke can cikin sha-raɓa ko cinya takan ninka kamar sau huɗu zuwa biyar, kuma mafi yawanci a ƙafar hagu abin yake faruwa. Idan akwai irin wannan guda aka kuma murje wurin da ƙarfi, yana iya ɓallewa ya bi jini ya toshe hanyar huhu, kuma wannan lamari ne na rai da mutuwa. Saboda haka a ƙafa shafa ake yi, daga tafin ƙafa zuwa sama, da tafin hannu, ba murza ba kuma ba danna da babban yatsa ba. Inda jijiyoyi suka fito suka yi ruɗu-ruɗu, a tsallake shi. Ranar da kika ga ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kumburi, ko ta yi zafi, ko launinta ya sauya, ko tana ciwo idan kin taka, kada kowa ya taɓa ta, ki tafi asibiti a ranar.

Shi kansa cikin ba a danna shi. Shafa mai sauƙi da mai babu laifi idan kina jin daɗinta, amma kada ki bari kowa ya mammatsa miki shi da sunan gyara kwanciyar yaro. Idan har yaro ya zo a zaune, likita ne yake gwada juya shi a asibiti wajen mako na 36 ko 37, bayan an yi hoton ciki, ana kuma sauraron bugun zuciyarsa.

Maganar yayarki tana da tushe, ko da yake an ƙara mata gishiri a hanya. Mafi yawan ɓari yana faruwa ne a watanni ukun farko, kuma babban dalilinsa matsala ce a halittar ɗan tayin tun daga farko, ba wani abu da uwa ta yi ba. Masu sana'ar tausa da yawa sukan ƙi karɓar mace kafin ta wuce mako 12, don taka tsantsan da kuma gudun kada abu ya faru a ɗora musu. Batun idon sawu kuma ya samo asali ne daga maganin gargajiya na ƙasar Sin, inda suke cewa akwai wani gurbi kimanin faɗin yatsu huɗu sama da idon sawu ta ciki wanda danna shi yake motsa mahaifa. Bincike bai nuna cewa shafar ƙafa ta yau da kullum tana kawo naƙuda ba, amma tun da dama mun ce ba a danna ƙafa da ƙarfi, ke da yayarki kun haɗu a wuri ɗaya.

Macen da take ganin jini, ko aka ce mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa, ko take da hawan jini, ko aka ɗaure mata bakin mahaifa, ko ta taɓa haihuwar bakwaini, ko ta taɓa samun gudan jini, ko take cikin zazzaɓi, wannan ba ta fara tausa sai da izinin likitanta. Ke ma ki ambata musu a awo na gaba.

Maman Uku ta amsa:

Sannu ƙanwata, Allah ya sauke ki lafiya. Sista ta gama magana ta ɓangaren ilimi, ni kuwa abin da ya same ni zan faɗa, domin sau biyu na yi kuskure a kan wannan lamari.

A cikina na uku, ina da mako 31, na je wani wurin da ake tausa, matar ta ce in kwanta a rigingine ta fara da kafaɗu. Ba a yi minti biyar ba kunnuwana suka fara ƙara, gumi ya keto mini a goshi, fitilar ɗakin ta koma dishi-dishi. Na yi shiru don kunya, ita kuma ta ɗauka daɗin tausar ne ya sa na lumshe ido. Da ƙyar na iya cewa ta taimaka ta juya ni, kuma ina komawa gefen hagu, cikin ɗan lokaci komai ya washe kamar ba a yi ba. Matar ba muguwa ba ce, ba ta dai taɓa koyon yi wa mai ciki ba. Idan har za ki je wurin mai sana'a, tambayar farko ita ce ko ta koyi tausar masu juna biyu, kuma ki lura ko ita ma ta tambaye ki watannin cikin da lafiyarki kafin ta taɓa ki. Wadda ba ta tambayi komai ba, ki ɗauki jakarki.

Na biyun shi ne wanda har yau idan na tuna gabana yake faɗuwa, kuma ya riga wancan faruwa, a cikina na biyu. Wajen wata na takwas zobena ya ƙi fita daga yatsa, fuskata ta yi suntum da safe har idanuna suka ƙanƙance, ga wani ciwon kai da ya kafe a goshi. Na ɗauka gajiya ce, na yi kwana biyu ina sa maigida yana mammatsa mini wuya da ƙeya, ina samun sauƙi na rabin awa ciwon ya dawo. A rana ta uku na fara ganin wasu ƙyalƙyali suna gilmawa a idona, sai a lokacin muka tafi asibiti. Jinina ya kai 160/110, aka sami sinadarin furotin a fitsarina, a take aka ba ni gado. Likitar ta ce da na ƙara jinkiri da jijjiga ce za ta biyo baya. Kumburin ƙafa da yake zuwa da yamma ya tafi da safe, irin naki, yawancinmu mun yi shi. Amma kumburin fuska da hannu da ya zo farat ɗaya, tare da ciwon kai ko gani dishi-dishi ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wannan ba aikin hannun miji ba ne.

Game da yadda maigidanki zai yi, abin da ya yi mana amfani shi ne ya fara murza tafukansa su yi ɗumi, ya zuba mai kaɗan, sannan ya bi gefe biyu na ƙashin baya daga ƙugu zuwa kafaɗa a hankali, ba tare da ya hau kan ƙashin ba. Wurin da na fi jin daɗi shi ne ramukan nan biyu da ke ƙasan baya, inda yake ɗora gindin tafin hannu ya riƙa kewayawa. Maza ba su san nauyin hannunsu ba, don haka ke ce za ki riƙa cewa ya rage ko ya ƙara, kuma idan kika ji kina riƙe numfashi, ƙarfin ya yi yawa. Minti 15 zuwa 20 ya isa. Idan an gama kada ki zabura ki miƙe, ki fara zama a bakin gado tukuna.

Likitan Gashin Ƙashi ya amsa:

Malama, sannu da fama, Allah ya inganta. Aikina gashin ƙashi ne, kuma masu juna biyu suna cikin waɗanda ake turo mana. Na yarda da duk abin da Sista ta faɗa game da kiyaye haɗari, amma ina so in rage wa tausar kanta daraja kaɗan, don kada ki ɗora mata nauyin da ba za ta iya ɗauka ba.

Binciken da aka fi ambata a wannan fanni na Tiffany Field ne da abokan aikinta a Jami'ar Mayami ta Amurka. A wanda suka wallafa a 1999, mata 26 ne kacal, aka raba su gida biyu, aka riƙa yi wa kashi ɗaya tausar minti 20 sau biyu a mako na tsawon mako biyar, kuma suka ba da labarin raguwar ciwon baya da damuwa tare da samun barci mai kyau. A 2004 sun sake wani da mata 84 masu fama da ciwon damuwa, inda abokan zaman matan ne da kansu suka riƙa yin tausar na tsawon mako 16. Wannan na biyun ya nuna cewa ba lalle sai ƙwararre ba, kuma ina ganin wani kaso na amfanin daga kulawar ne da natsuwar da mace take samu, ba daga murzar naman kaɗai ba. Amma adadin matan kaɗan ne, kuma sauƙin da tausa take kawowa na ɗan lokaci ne. A shawarwarin kula da masu ciki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, abin da ta sa a gaba don kauce wa ciwon baya da ƙugu shi ne motsa jiki a kai a kai, sannan ta ambaci gashin ƙashi da ɗamarar tallafe ciki a cikin abubuwan da za a iya amfani da su.

Abin da ya ja hankalina a bayaninki shi ne wahalar juyawa a kan gado. Ciwon naman baya daban, ciwon gaɓoɓin ƙugu daban. Ƙashin ƙugu zobe ne da yake da mahaɗa biyu a baya da ɗaya a gaba, ƙasan mara, kuma idan suka sassauta, duk motsin da zai raba ƙafafu ko ya ɗora nauyi a kan ƙafa ɗaya yakan tayar da ciwo: hawa bene, fita daga mota, tsayuwa da ƙafa ɗaya wajen sa tufafi, da kuma juyi a kan gado. Idan haka naki yake, tausa za ta sassauta naman da ya ɗaure a kewaye, amma mahaɗar tana nan yadda take. Abin da yake taimakawa shi ne ki haɗe gwiwoyinki wuri ɗaya, da matashin a tsakani, ki juya kafaɗa da ƙugu tare kamar gungume. Ki zauna idan za ki sa tufafin ƙasa, ki hau bene taki ɗaya-ɗaya, ki daina ɗaukar kaya a gefe ɗaya, kuma kada ki harɗe ƙafa a zaune.

Zaman wurin aikin ma yana da hannu dumu-dumu. Ki sa ƙaramin matashi ko naɗaɗɗen tawul a ramin bayanki, ki ɗora ƙafa a kan wani abu mai ɗan tudu, ki tashi ki taka duk bayan rabin awa. Da yamma ki durƙusa a kan gwiwoyi da tafukan hannu, ki tura bayanki sama a hankali kamar kyanwa ta yi miƙa, ki riƙe na ɗan lokaci, ki sake, sau takwas ko goma. Wannan durƙuson yana rage nauyin cikin a kan ƙashin baya, kuma mata da yawa sun fi jin daɗin a shafa musu baya suna a haka. Ga mai cikin da ba ta da matsala, abin da ake so shi ne motsa jiki matsakaici na minti 150 a mako, kuma tafiya a ƙasa ta wadatar matuƙar ba ta tayar da ciwon.

Akwai kuma ciwon da yake tasowa daga ɗuwawu ya bi bayan cinya ya sauka ƙafa kamar jan lantarki. Wannan jijiya ce ta takura, kuma shafar naman ɗuwawu takan ba da sauƙi, amma idan ƙafar ta fara rauni, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko riƙe fitsari da bayan gida ya gagara, asibiti za a nufa ba tare da jira ba. Haka nan ciwon bayan da yake zuwa ya tafi a kan ƙa'ida, ciki yana tamkewa tare da shi, kafin mako na 37, naƙuda ce ake zargi. Ciwo a gefe ɗaya ƙarƙashin haƙarƙari ta baya, da zazzaɓi da zafin fitsari, ƙoda ce, kuma magani take so. Na'urorin tausa masu bugu da ƙarfi da ake sayarwa yanzu, ban ba ki shawarar ɗora su a sha-raɓa ko kusa da ciki ba.

Mai Cikin Fari ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Sista, Anti da Likita, Allah ya saka da alheri. Likita kamar kana gidanmu, domin hawa bene da fita daga mota su ne suka fi ba ni wahala, ban dai taɓa haɗa su da juyin dare ba. Sista, saura abu biyu. Idan ba a murza sha-raɓa, me zan yi a lokacin da ta ɗaure cikin dare, kuma ta yaya zan bambance wannan ɗaurewa da gudan jinin da kika yi bayani? Na biyu, ranar da maigida ya yi mini tausar, man zafi ya shafa mini, irin wanda muke amfani da shi idan wani ya yi targaɗe. Shin akwai matsala? Ina kuma da jakar ruwan zafi da nake tunanin ɗorawa a baya.

Ungozoma ta sake amsawa:

Ɗaurewar dare takan zo farat ɗaya, naman ya yi tauri kamar dutse, sannan ya sake cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna, ko da ya bar ɗan tsami zuwa safe. Maganinta miƙarwa ce: ki miƙe ƙafar sosai, ki janyo yatsun zuwa wajen ƙwauri, ko maigida ya riƙe dunduniyar ya tura tafin ƙafar sama a hankali. Kada ki tsuke yatsun zuwa ƙasa, wannan ƙara ɗaure ta yake yi. Idan za ki iya, ki sauko ki taka ƙasa. Ciwon gudan jini kuwa ba ya sakewa, yana nan da rana, yana nan idan kin huta, kuma yawanci ƙafar ɗaya takan fi 'yar'uwarta kauri da ɗumi. Idan numfashi ya yi wuya ko ƙirji ya soke ki bagatatan, wannan gaggawa ce ko da ƙafar ba ta nuna komai ba. Don rage ɗaurewar, ki riƙa miƙar da sha-raɓa kafin barci, kina dafe da bango, ƙafa ɗaya a baya dunduniya a ƙasa, ki kuma sha ruwa isasshe da rana. Ana ba wasu mata kalsiyam ko magniziyam saboda wannan, amma a wurin awo za a yanke, ba a kantin magani ba.

Man zafin da aka shafa sau ɗaya ba abin tayar da hankali ba ne, amma ku ajiye shi. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da sinadari ɗan gidan su asfirin, wasu kuma diklofenak ne a cikinsu, kuma fata tana tsotsar wani abu daga ciki, balle an shafa a wuri mai faɗi an murza. Wannan rukunin magunguna, har da ibuprofen na sha, ba a son mai ciki ta yi amfani da su daga mako na 20 sai likita ya ce, domin suna iya taɓa ƙodar yaro ruwan da yake kwance a ciki ya ragu, daga wajen mako na 30 kuma suna iya rufe wata jijiya ta kusa da zuciyarsa wadda bai kamata ta rufe ba sai bayan haihuwa. Wannan bai shafi ƙaramin asfirin da likita yake rubuta wa wasu mata don kare su daga hawan jinin ciki ba, wadda aka ɗora a kansa kada ta daina. Ku yi amfani da man da ba a haɗa shi da komai ba, kamar na zaitun ko na kwakwa, ki fara gwada kaɗan a hannu domin fatar mai ciki takan yi saurin ƙaiƙayi. Mayukan ƙamshi masu ƙarfi da ake tatsowa daga tsirrai ma ki bar su, ko ba komai ƙamshin yana iya dawo miki da tashin zuciya.

Jakar ruwan babu laifi idan ɗumi ne ba zafi ba, a naɗe ta da tawul, a ɗora a baya minti 10 zuwa 15, ba a kan ciki ba, kuma ba a yin barci da ita. Abin da ake gudu shi ne zafin jikin uwa gaba ɗaya ya haura maki 39 a ma'aunin Salsiyas, kamar yadda yake faruwa a ɗakin tururi ko dogon zama cikin ruwa mai zafi sosai. Kumburin yamma kuma ɗaga ƙafa a kan matashi, da safar nan mai matsewa da ake ba masu ciki, da tsoma ƙafa a ruwa, sun fi tausa yi masa aiki.

Wani amfanin da ban ambata ba shi ne hannun da ya saba yanzu zai yi rana a ɗakin haihuwa. A shawarwarinta na 2018 kan kula da mace mai naƙuda, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tausa da ɗumama baya a matsayin hanyar rage raɗaɗi ga wadda take so. Na sha ganin mace tana tsakiyar naƙuda, mai rakiyarta ta dafe mata ƙasan baya da gindin hannu duk lokacin da ciwon ya taso, ita kuma tana nuna mata daidai wurin ba tare da ta iya magana ba.

Mai Cikin Fari ta dawo bayan kwana goma:

Na ga ya dace in dawo in faɗi yadda aka yi. Na je awo ranar Talata, jinina 115/70, fitsari lafiya, ungozomar ta duba ƙafafuna biyu ta ce babu bambanci a tsakaninsu, ta kuma amince a ci gaba da tausar baya a kwanciyar gefe. Da na ba ta labarin bene da mota sai ta tura ni sashen gashin ƙashi, inda aka tabbatar gaɓoɓin ƙugu ne, aka ba ni ɗamara aka kuma nuna mini yadda zan riƙa juyawa. Maigida yana yi mini minti 15 kusan kowane dare da man zaitun, kuma sai da muka yi kwana uku ina cewa ya rage ƙarfi kafin hannunsa ya daidaita. Ciwon bai tafi ba, har yanzu nakan farka idan zan juya, amma barcin farkon dare ya samu, sha-raɓar kuma sau ɗaya ta ɗaure a cikin kwanakin nan, na janyo yatsuna kamar yadda Sista ta ce ta sake. Yayata ta karanta bayanin da kanta, ta ce ta yarda da na baya, amma maganar idon sawu tana nan a kan bakanta, ni kuma na ce mata dama ba a taɓa shi. An ce in koma awo idan cikin ya cika mako 30, kuma zan tambaye su game da safar matse ƙafa, domin kumburin yamman ya ɗan ƙaru a ƙafafun biyu tun da zafi ya shigo.